Abin Da Ke Sa Tsiro Yin Fure Tun Yana Ƙarami

Duk wanda ya bi hanyar Bodinga zuwa Shagari ya san duman rafi da yaryaɗi, masu furen da kan buɗe da safe ya tsuke da rana. Dangin dankali ne. Wani lokaci mukan ga irin wannan tsiro ya fid da fure alhali ganyensa bai wuce huɗu ba, daga nan sai girmansa ya tsaya. Mene ne dalili?

A shekarar 1920 masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka gano cewa tsawon yini yana da hannu a lokacin furen tsiro. A 1938 Hamner da Bonner suka nuna cewa tsawon dare ne tsiron yake aunawa. Akwai wani ɗan'uwan yaryaɗi a Japan, asagao, wanda dogon dare ɗaya tak ya isa ya sa shi fure tun yana da ganye biyun farko.

A yankinmu yini yakan kusa kai awa 13 a watan Yuni, ya ragu zuwa awa 11 da 'yan mintoci a Disamba. Bambancin kaɗan ne, amma tsiro yana jinsa.

Ga yadda za mu jinkirta furen:

1. Mu shuka da farkon damina, lokacin da dare yake gajere.
2. In da rani ne, mu kunna fitila mai haske kusa da tsiron daga ƙarfe 10 na dare zuwa 2, domin a raba duhun biyu.
3. Mu tsinke tohon fure na farko.
4. Kada mu bar shi da ƙishi ko cikin matsattsen gwangwani, gama wahala ma tana gaggauta fure. Mu ba shi taki isasshe.

Wannan darasi ya wuce lambun makaranta. Waken gargajiya, da maiwa, da yakuwa duk suna jiran dogon dare. Manomin rani a bakin madatsar ruwa ta Shagari, in ya shuka waken damina a Disamba, zai ga ya yi fure da wuri, ya tsugune, ba wake sosai, ba harawa. Saboda haka sai ya nemi irin da bai damu da tsawon yini ba, kamar waɗanda cibiyar IITA ta inganta a Kano. Mu kai wa iyayenmu wannan bayani lokacin hutu, kafin su sayi iri.