Darasi: Wa Ya Taɓa Asusunka?

'Yan'uwa, manomi ba ya barin rumbunsa wata shida bai leƙa ba. Ya san ba ɓarawo kaɗai ke cin hatsi ba. Akwai gara, akwai ɓera, masu ci kaɗan-kaɗan har ranar da za a zo ɗiba a tarar da ƙaiƙayi. Amma da yawa cikinmu mukan kai kuɗi banki, namu ko na ƙungiya, mu shekara ba mu nemi a nuna mana abin da ya shiga da abin da ya fita ba. Darasinmu na wannan karo a kan kuɗin da banki ke cirewa ne bayan an canja wa mutum asusu ba da saninsa ba.

Bari mu fara da abin da ya faru a Amurka. A watan Satumba na 2016 hukumomin ƙasar suka ci tarar wani babban banki mai suna Wells Fargo dala miliyan 185. Laifinsa shi ne ma'aikatansa sun buɗe asusu da katin bashi kusan miliyan 2 da sunan mutane, ba tare da sun tambaye su ba. A 2017 bankin da kansa ya ce adadin zai iya kai miliyan 3.5.

Yaya aka yi haka? Shugabanni sun ɗora wa kowane ma'aikaci adadin sababbin asusun da dole ya kawo, in ba haka ba aikinsa na cikin haɗari. Sai ma'aikaci ya ɗauki sunan wanda ya riga ya ke da asusu, ya buɗe masa na biyu, ya ɗebi kuɗi daga na farkon ya zuba a sabon don a ga kamar yana aiki. Mai kuɗin bai sani ba. Ya je ya biya wata bukata, kuɗin da ya rage bai isa ba, sai banki ya ci shi tara. Wato an taɓa masa kuɗi, an kuma caje shi a kan taɓawar. An kori ma'aikata kimanin 5,300, shugaban bankin John Stumpf ya sauka a Oktoba 2016, a 2020 kuma bankin ya yarda ya biya dala biliyan 3. Ku lura, abin ya yi shekaru kafin ya fito fili, domin abin da ake cire wa kowa kaɗan ne.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Najeriya abin da ya kamata mu fi sa wa ido shi ne bambancin asusun ajiya da asusun karant, wanda ake ba da littafin cek a kansa. Asusun ajiya yana kawo ɗan ruwa. Na karant kuwa, mai shi ne ke biyan banki. Dattawa za su tuna da COT, naira 5 a kan kowace naira 1,000 da aka fitar. Babban Bankin Najeriya ya yi ta rage shi daga 2013 har ya soke shi a 2016, sai aka kawo kuɗin kula da asusun karant, wanda aka ce kada ya wuce naira 1 a kan kowace 1,000. A ƙa'idar ba a cire wannan daga asusun ajiya.

Mu yi lissafi. A ce ƙungiyar manoma ta fitar da naira miliyan 2 cikin shekara don sayen taki. A naira 1 kan 1,000, kuɗin ya kama naira 2,000, ban da haraji. A zamanin COT naira 10,000 ke nan. Wani zai ce ai ba yawa. To, a tambayi ma'ajin zumuntar mata da ta tsaya gaban taro lissafinta ya ƙi cika da naira 2,000, ana kallonta. Ba ta ci ko kwabo ba, amma an fara raɗa, kuma sunan da ya ɓaci a ƙauye ya fi wannan kuɗin wuyar dawowa.

Asusun karant ba mugun abu ba ne, ƙungiyoyi da yawa ma shi ya dace da su. Abin da ba daidai ba shi ne a mayar da kai can, ko a ƙara maka kati ko wani tsari mai kuɗi, ba ka nema ba. Sau da yawa ƙofar da ake bi ita ce fom. A ce maka, "Baba, sa hannu a nan kawai, za mu cike sauran." Kada ka yarda. In ba ka iya karatu ba, je da ɗanka ko malamin makaranta ya karanta maka. Wannan ba rashin yarda da ma'aikacin ba ne, domin shi ma wataƙila an matsa masa daga sama.

In ka ga an cire abin da ba ka gane ba, ka nemi takardar bayanin asusu da jadawalin cajin da ke aiki a lokacin, gama ƙa'idodin suna canjawa. Ka rubuta ƙorafi, kada ka tsaya ga magana da baki. Ka karɓi lambar ƙorafin, ka riƙe kwafe. Babban Bankin ya ce a ba banki mako 2, ko kwana 30 in maganar cajin da ya wuce ƙa'ida ce. In ba a gyara ba, sai a kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Abokan Ciniki na Babban Bankin.

Aikin da za a yi kafin taro na gaba: ma'aji da wani mutum ɗaya su je banki su karɓo bayanin asusun ƙungiya na wata 6. A karanta shi a gaban kowa layi-layi, a ja layi ƙarƙashin duk abin da aka cire wanda ba ku ne kuka fitar ba. Sa'an nan a tambaya: wane irin asusu muka buɗe tun farko, wane iri ne a rubuce a saman takardar nan?