Gansakuka a bakin teku

Gansakuka ita ce koren abin da ke rufe ruwan tabki. A teku ma akwai irinta.

A Faransa akwai wata jiha ta bakin teku, sunanta Biretanyi. Mutanenta suna kiwon aladu da shanu masu yawa, suna zuba taki a gonaki. Ruwan sama shi kwashe takin zuwa gulabe, gulabe su kai shi teku. Takin nan shi ne abincin gansakuka. Lokacin zafi sai ta yi yawa, ruwa shi tara ta bisa rairayi. In ta ruɓe tana fidda iska mai guba, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A shekara ta 2009 iskar ta kashe wani doki, mahayinsa ya suma.

Don haka ma'aikata ke lura da ruwan. Suna ɗibar ruwan gulabe cikin kwalabe, su auna takin da ke ciki. Suna ɗaukar hoton gaɓa daga jirgin sama. Inda gansakuka ta taru, sai a kwashe ta tun ba ta ruɓe ba.

Tambayoyi:
1. Mi ke ciyar da gansakuka?
2. Don mi ake auna ruwan gulabe?