Yadda Za Ki Ba Ɗanki Kiredit A Darasin Sarrafa Kuɗi

Darasinmu na wannan fitowa na 'yan'uwa ne da ke zaune a Amurka, waɗanda suke karantar da 'ya'yansu a gida. Doka ta yarda da hakan a dukkan jihohi 50, sai dai kowace jiha da nata ƙa'idojin. Idan yaro ya kai matakin babbar sakandare, aji 9 zuwa 12, ke ce za ki rubuta masa takardar sakamako, kuma ita jami'a za ta duba. Abin da ba ki rubuta ba, tamkar bai karanta shi ba ne.

To, mene ne kiredit? Ma'auni ne na lokacin da aka ɓata kan darasi. Gidauniyar Carnegie ce ta kafa shi a 1906, inda awa 120 na karatu suke zama kiredit ɗaya. Darasin sarrafa kuɗi galibi zango ɗaya ake yinsa, wato rabin kiredit, awa 60 ke nan aƙalla. Idan kuna zama awa ɗaya a rana, kwana 4 a mako, cikin mako 15 kun cika.

Ga matakan da za ki bi:

1. Tsara abin da za a koya tun farko: kasafin kuɗin gida, ajiyar banki, haraji, inshora da bashi. Ki nuna masa illar riba da lissafi. Bashin dala 1,000 a katin bashi mai kuɗin ruwa kashi 24 cikin ɗari a shekara yana ƙaruwa da dala 20 a wata. Lissafin zakka, kashi 2.5 cikin ɗari, shi ma zai shiga.

2. Ware littafi guda. Kullum ki rubuta kwanan wata, awa nawa, da abin da aka yi.

3. Aikin zahiri yana cikin lissafi. In ya tsara cefanen wata ya kwatanta farashi, ki rubuta. Amma rakiya kasuwa kawai ba darasi ba ne.

4. Ki faɗa masa yadda za ki raba maki kafin a fara, misali rabi jarrabawa, rabi ayyuka. Ki adana takardun.

5. A takardar sakamako ki sa sunan darasin, shekarar, 0.5, da makinsa.

Ki lura, kada ki sa shi a madadin aljabara, domin jami'o'i da yawa ba sa karɓar hakan. Ki kuma duba dokar jiharki. A New York ana miƙa rahoto sau 4 a shekara, a Texas kuwa ba a buƙatar haka.

Daga ƙarshe 'yar'uwa, maki amana ne. Son ɗa kada ya sa ki rubuta awa 120 alhali 40 aka yi. Ranar da ya karɓi albashinsa na farko, abin da ya koya ne zai yi masa amfani. Allah Ya yi wa zuriya albarka, amin.