'Yan Jakunkunan Da Ke Cikin Jikinmu

Sa'ad da aka aike mu koyon aikin malanta a wata makarantar firamare, na ba 'yan aji shida darasi a kan ciwon tsinkau-tsinkau. Na gaya musu ƙwayar cutar tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga jiki ta rauni. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ƙanena ya rasu da wannan ciwo. A ƙafa ya ji rauni, to me ya kai ciwon bakinsa har haƙoransa suka sarƙe?" Ban iya ba ta amsa ba, na kuwa ji kunya ƙwarai. Da na komo kwaleji na shiga bincike, ga abin da na samu, ko ya amfani 'yan'uwana masu shirin zama malamai.

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi, yadda ake gina ɗaki da tubali. Waɗansu ƙwayoyin aikinsu ke nan su fid da abu waje: na baki su fid da miyau, na mama su fid da nono, na jijiya kuwa su fid da wani sinadari wanda ke kai saƙo ga tsoka ko ga wata jijiya. Ƙwayar takan ɗura abin nan cikin 'yan jakunkuna, ta ajiye su dab da bangonta. Na jijiya ƙanana ne ainun, gama sai an jera wajen 25,000 kafin su kai tsawon milimita ɗaya.

To, yaya jaka ke buɗewa? Akwai waɗansu sinadarai da ake kira furotin, su ne ma'aikatan. Ɗaya yana jikin jaka, sunansa sinaptobirebin. Biyu suna jikin bango, watau sintaksin da SNAP-25. Ukun nan sukan naɗe da juna kamar an tufka igiya, su jawo jaka har ta manne da bango. Sa'an nan su jira. Da saƙo ya iso, sai sinadarin kalsiyam ya kwararo cikin ƙwayar, wani furotin mai suna sinaptotagmin ya kama shi, nan da nan fatar jaka ta haɗe da bango, abin da ke ciki ya zube waje. Duk wannan ba ya cin fiye da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Saboda gano wannan tsari ne aka ba James Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof kyautar Nobel a 2013.

Amma mai jefar da buhu duk ran da ya auna hatsi ba ya daɗewa a kasuwa. Haka ita ma ƙwaya ba ta ɓarna. A 1973 John Heuser da Thomas Reese suka duba jijiyar kwaɗo, suka ga ana komo da fatar jaka ciki a sake amfani da ita. Furotin mai suna kilatirin, wanda Barbara Pearse ta raɗa wa suna a Ingila, shi ke saƙa kansa kamar kwando a bayan bango, ya lanƙwaso fatar ciki. Wani kuma, dainamin, ya zagaye wuyan sabuwar jaka ya shaƙe shi har ta tsinke. Sai a kwance kwandon, a warware igiyar nan, a sake cika jaka. Akwai wani irin ƙaramin ƙuda wanda dainamin ɗinsa ke da aibi: in wuri ya yi zafi sai ya faɗi ba motsi, gama jakunkunansa sun ƙare, in ya huce kuwa ya tashi.

Yanzu ga amsar yarinyar nan. Ƙwayar cutar tana zama a rauni, amma dafinta yana bin jijiya har ya kai laka. A can akwai jijiyoyin da aikinsu ke nan su ce wa tsoka ta saki. A 1992 masana a birnin Padua na Italiya suka nuna cewa dafin yana yanke sinaptobirebin. In igiya ta yanke, jaka ba ta buɗewa, saƙon saki ba ya fita, sai tsoka ta ɗaure ta ƙi saki. Sau da yawa tsokar muƙamuƙi ce ke fara ɗaurewa, shi ya sa haƙora ke sarƙewa.

Dafin da ya riga ya shiga jijiya magani ba ya fid da shi, sai dai likita ya taimaki majinyaci har jiki ya gyara kansa. Don haka mu koya wa yara su wanke rauni da ruwa da sabulu, kada a sa masa ƙasa ko kashin shanu, a kuma kai mai rauni asibiti. Mu tuna wa iyaye allurar rigakafi, ta jarirai da ta mata masu ciki. Ni dai mako mai zuwa zan koma ajin nan da igiya da kwando da 'yar jaka, in ba yarinyar amsarta.