Kada Tarihin Ƙauyenku Ya Tsaya a Bakin Iyaka

Kuskuren da mai rubuta tarihin ƙauye a ƙasar Bagudo zai guda shi ne ya tsaya inda shingen kwastan ya tsaya. Iyakar nan da Benin ta jiya-jiya ce. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta bar Illo a hannun Ingila, alhali fataken goro masu zuwa Gwanja sun daɗe suna ƙetare kogin Kwara ta wannan yanki. Dangi ɗaya ne ta kowane gefe, don haka wanda ya rubuta tarihin Tsamiya bai leƙa Segbana ba, ko na Lolo bai tambayi Madekali ba, rabin labari ya kawo.

Wani zai ce zancen baka ba hujja ba ne, kowa kakansa yake ɗagawa. Haka ne, amma maganinsa yawaita bakuna. Ku naɗi muryar dattawa uku ko huɗu a waya, kowa shi kaɗai, da harshensa, Kyanganci ne ko Dandanci ko Fulatanci. Kada ku tsallake tsofaffin mata, su suka riƙe lissafin auratayya tsakanin gari da gari. Inda aka saɓa, ku rubuta kowane ƙauli da sunan mai shi. Sannan ku taka da ƙafa: kufai, tsohuwar rijiya, mashigin kwale-kwale, fadamar shinkafa, kowanne da sunansa na asali da ma'anarsa. Takardun ajami kuwa, ku ɗauki hotonsu shafi-shafi, ku bar su hannun masu su. In za ku ƙetara Benin, ku riƙe katin shaida, ku fara da gaida mai gari.