Ciwon Huhu Mai Fitowa Daga Ruwan Masaukin Baƙi

A watan Yuli na shekarar 1976 tsofaffin sojojin Amurka suka yi taro a wani babban otal a birnin Filadelfiya. Bayan an watse, mutum 221 suka kwanta da ciwon huhu mai tsanani, 34 daga cikinsu suka rasu. A farkon 1977 masu bincike suka gano ƙwayar cutar, aka sa mata suna lajiyonela.

Yadda take kama mutum

Mazaunin ƙwayar nan ruwa ne. Tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi wanda ya daɗe a tsaye, watau tsakanin digiri 20 da 45 na ma'aunin Salsiyas, balle in akwai tsatsa ko laka a gindin tanki. Ba ta shan ruwa aka saba ɗaukarta ba, kuma da wuya ƙwarai wani ya sa wa wani. Shaƙarta ake yi cikin feshin shawa ko na famfo. Bayan kwana 2 zuwa 10 sai zazzaɓi ya tashi, da tari, da ciwon jiki, da sarƙewar numfashi. Ta fi tsananta ga wanda ya haura shekara 50, da mashayin taba, da mai tsohon ciwo. Kimanin ɗaya cikin goma na waɗanda ta kama ba su tashi.

Masaukin baƙi ya fi gidan zama haɗari, domin ɗaki kan yi makonni a rufe, ruwa na kwance cikin bututu. Ga shi kuma da bazara rana kan ɗumama tankin da ke bisa rufi.

Abin da ya wajaba

Lalle ne hakimi ya umarci masu masaukai na ƙasarsa da waɗannan:

1. A ajiye ruwan zafi a digiri 60, ya iso bakin famfo bai gaza 50 ba.
2. A rufe tankin ruwan sanyi, a yi masa inuwa, a wanke shi aƙalla sau ɗaya a shekara.
3. Kowane mako a saki famfo da shawa na ɗakin da ba kowa, su zuba na 'yan mintoci.
4. Duk bayan wata uku a kwance kan shawa, a kankare, a jiƙa shi cikin ruwan kulorin.

Aikin magatakarda

Magatakarda ya buɗe littafi ga kowane masauki, yana rubuta ranar wanki, da awon zafin ruwa na wata-wata, da sunan baƙo da ɗakinsa da ranar tashinsa. Dubagari ya riƙa bin littafin. Amfaninsa kuwa shi ne, baƙo kan kwanta ciwo ne bayan ya yi nisa, sai da rubutu za a gane inda ya ɗauko. In an sami labarin irin wannan, a rufe shawar ɗakin nan take, a sanar da likita. Ciwon yana jin magani in an kai mutum asibiti da wuri.