Labarin Zuciya Cikin Littafi

Yara, Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Gaskiya ne, amma fuska ba ta faɗin kome da kome. Akwai yaron da yunwa ke ci, yana murmushi don kunya. Akwai yarinyar da ta kan yi shiru a aji, a ce girman kai gare ta, alhali kuwa kewar uwarta take yi. Abin da fuska ta ɓoye, sau da yawa littafi ya kan tona shi, domin marubuci yana iya shigar da mu har cikin zuciyar mutum, mu ji abin da yake ji.

Mu fara da kalmomi. Ku lura da inda Bahaushe yake ajiye abin da ya ji. Wani a ciki yake: farin ciki, baƙin ciki. Wani a rai, kamar ɓacin rai. In ka firgita sai ka ce gabanka ya faɗi, in kuwa an kawo maka mugun labari sai jikinka ya yi sanyi. Har wa yau, fushi da haushi da takaici ba ɗaya ba ne. Fushi ya kan fito fili, a gan shi a ido, a ji shi a murya. Haushi a ciki yake cin mutum. Takaici kuwa shi ne ka ga abu ya ɓaci, ba ka da ikon gyara shi, kamar manomin da ya je gona da safe ya iske fara ta riga shi. Yaron da ya san sunan abin da ke damunsa ya kan faɗi da baki, ba sai ya kai hannu ba. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Ɗaya daga cikin amfanin wannan shi ne, ɗan aji ɗaya ma yana iya karanta kalmar tausayi ya gane ta nan take, don a bakin kakarsa ya fara jin ta.

To, ga wani littafi da za mu ɗauka misali. Sunansa Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi sa'ad da yake malamin makaranta a Bauci, domin gasar ƙaga labari da aka shirya a Zariya a 1933. An buga shi a 1934. Marubucin shi ne daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya.

A cikin littafin, Shaihu Umar babban malami ne, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya ba su labari. Maraya ya tashi. Uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau, amma ƴan'uwansa fadawa suka yi masa hassada, suka ƙulla masa sharri wajen sarki, aka kore shi daga gari. Ana cikin haka aka sace Umar yana ƙarami. Ya faɗa hannu bayan hannu har Kano, daga nan wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi. Uwar ba ta zauna ba. Ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta a hanya, ita ma aka sayar da ita baiwa. Bayan shekaru masu yawa suka sadu a can ƙetaren hamada, ta tsufa, wahala ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu.

Kada ku ɗauka wannan labarin wata ƙasa ce mai nisa. Ayarin fatake da ke tashi daga Kano zuwa Tarabulus ta ƙasarmu yake bi, ta Damagaram da Azbin, kuma a cikinsa akwai bayi.

Yanzu ga yadda ake karanta irin wannan littafi a aji. Ba a yin sauri. In an zo inda uwar ta komo ta tarar babu ɗanta, sai malam ya rufe littafin, ya tambaya: me take ji a wannan lokaci? Wani zai ce tsoro, wata ta ce baƙin ciki. Wata ƙila ta ce nadama, don ita ce ta bar shi a hannun wata ta yi tafiya. Duka suna da gaskiya, domin zuciya ta kan ɗauki kaya biyu ko uku a lokaci guda. Ba a cewa amsar wani kuskure ce, sai dai a tambaye shi: me ka gani a labarin da ya sa ka faɗi haka?

Tausayin uwar Umar ba shi da wuya, kowa zai ji shi. Inda aikin yake shi ne wajen sauran mutanen. Abdulkarim ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Amma fataucin bayi yake yi, kuma bai mai da yaron ga uwarsa ba. Mutumin kirki ne ko mugu? A nan aji ya kan rabu biyu, kuma gardamar ta fi amsar amfani. Fadawan da suka cuci Makau fa, me ya ci musu rai? Gane hassadarsu ba yarda da aikinsu ba ne. Amma wanda ya gane ta a littafi zai gane ta ran da ta taso masa, sa'ad da malam ya yabi wani ya bar shi.

Me ya sa wannan darasi ya shafe mu ƙwarai a nan Dakoro? Ku dubi bencin da kuke zaune. Ga ɗan manomi Bahaushe, ga ɗan Bafillace, ga ɗan Buzu. Ƙasarmu ita ce inda gona take ƙarewa, makiyaya ta fara. A 1961 gwamnati ta yi doka ta shata iyakar noma ta arewa, iyakar kuwa ta ratsa yankinmu, wajen fadamar Tarka. Mutane sun ƙaru, gonaki sun yi arewa, burtali ya ƙuntace. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi masu yawa, sun bar rumbuna wayam. Kowace kaka, in shanu suka gangaro kudu kafin a gama kwashe hatsi, sai hankali ya tashi. A 1991, a garin Toda cikin jiharmu ta Maraɗi, rikicin gona da dabbobi ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara.

Manomin da ya ga shanu cikin gerorsa, abincin shekara yake gani yana tafiya. Makiyayin da ya iske an nome hanyar rijiya, ƙishirwar garkensa yake gani, garken nan kuwa shi ne rumbunsa. Kowannensu tsoro yake ji, amma abin da ɗayan ke gani a fuskarsa fushi ne kawai. Karatu ba ya buɗe burtali, wannan aikin sarakuna ne da hukuma. Sai dai yaron da ya saba tambayar me wancan yake ji, in ya girma aka kira shi zaman sulhu, zai iya sauraron maganar da ba tasa ba har ƙarshenta.

Abu ɗaya za a kiyaye. In labari ya taɓa wani a cikinku har ya yi ƙwalla, ba a dariya, ba a kuma tilasta masa ya faɗi dalili. Mai yiwuwa maraya ne, ko kuwa ubansa ya tafi cin rani bai komo ba. Ya isa a yi magana a kan Umar, shi ya san inda maganar ta same shi.

Aiki: a ce saniya ta shiga gona ana saura kwana 3 girbi. Ku rubuta labarin sau biyu, kowanne layi 10. Na farko da bakin yaron mai gona, na biyu da bakin yaron da ke kiwon saniyar. Ku fara da wanda ba irin gidanku ba. A kowane labari ku sa kalmomi 3 daga cikin waɗannan, ku ja musu layi: fargaba, takaici, kunya, haushi, nadama, tausayi. In kun gama, kowa ya ba maƙwabcinsa na benci ya karanta da ƙarfi.